Ƙaura da Rubuce-rubucen Hidima Daga Wata Manhaja Zuwa Wata

Yawancinmu da muka daɗe a hidima da littafin rubutu mai bango mai tauri muka fara. A ciki muke tsara wa'azi, mu rubuta abin da aka tattauna a zaman dattawa, mu ajiye sunayen masu shirin baftisma. In aka yi mana canjin wurin aiki, sai mu zuba littattafan a kwali, mu ɗaure da igiya, a ɗora a mota tare da katifa da tukwane. Ruwan sama da gara ne kawai abin tsoro. Yanzu kuwa ɗalibanmu, har da mu malamansu, a waya da kwamfuta muke wannan ajiya, cikin manhajojin rubutu irin su Evernote, OneNote, Google Keep, Notion, Joplin da Obsidian. Abin da ke ciki kuma ya wuce rubutu. Akwai hoton allo da aka ɗauka bayan lacca, da muryar wa'azi da aka naɗa, da takardun PDF, da hoton takardar filin ikilisiya.

Wata rana dole a kwashe wannan kaya a koma wata manhaja, kuma sau da yawa ba mu ne muke zaɓen ranar ba. A 2011 Google ta sanar za ta rufe Google Notebook. Catch Notes ta rufe a 2013, Springpad a 2014. Evernote, wadda mutane da yawa suka dogara da ita tun 2008, ta koma hannun kamfanin Bending Spoons na Italiya a farkon 2023, kuma a watan Disamba na wannan shekarar aka taƙaita masu amfani da ita kyauta zuwa shafi 50 da kundi ɗaya. Wanda ya riga ya tara fiye da haka yana iya karanta nasa ya kuma fitar da su, amma ba ya iya ƙara sabo sai ya biya. Microsoft ma ta daina tallafa wa OneNote ta Windows 10 a watan Oktoba na 2025. Ba mu kawo waɗannan don mu kushe kowa ba, kamfani yana da ikon sauya tsarin kasuwancinsa. Mun kawo su ne don mu gane cewa a gidan haya muke, mai haya kuwa ya kamata ya san yadda ake haɗa kaya.

Za mu ɗauki ƙaura daga Evernote zuwa Joplin ko Obsidian a matsayin babban misali, domin a nan ne ake iya ganin yadda abin yake aiki filla-filla. Sauran za mu taɓa su a taƙaice. Kafin mu ci gaba, bari mu daidaita kalmomi. In mun ce shafi, muna nufin rubutu guda ɗaya mai takensa. Kundi shi ne tarin shafuka. Kayan maƙale kuma su ne hotuna, muryoyi da takardun da aka liƙa wa shafi.

Hoton ba ya cikin shafin

In muka buɗe shafi muka ga rubutu a sama, hoto a tsakiya, murya a ƙasa, sai mu ɗauka abu ɗaya ne, kamar hoton da aka manna da gam a littafi. A ɓoye ba haka yake ba. Rubutun yana wuri ɗaya, hoton yana wani wuri, abin da ke cikin rubutun kawai wata 'yar alama ce mai cewa: a nan a nuna kaya mai lamba kaza. Duk lokacin da muka buɗe shafin, manhajar ce take karanta lambar, ta je ta ɗauko hoton, ta ajiye mana a gurbinsa.

Wanda ya taɓa aika saƙo a tashar mota zai gane wannan da sauri. An rubuta lamba a jikin buhu, an ba mai karɓa lambar. Buhun yana iya isowa lafiya, mai karɓa ma yana tsaye a tashar, amma in lambar da ke hannunsa ba ta dace da ta jikin buhun ba, haka zai koma gida hannu rabbana. Yawancin asarar da ake yi wajen ƙaurar rubuce-rubuce irin wannan ce. Rubutu ba ya cika ɓacewa, domin kowace manhaja ta iya karanta haruffa. Hoton ma sau da yawa yana nan cikin wata folda. Igiyar da ta haɗa su ce take tsinkewa, domin kowace manhaja da irin yadda take ɗaure tata.

Evernote tana fitar da kaya cikin fayil mai ƙarewa da .enex. A manhajar kwamfuta ake yin wannan, ta Windows ko Mac, ba a ta waya ba, don haka wanda duk aikinsa a waya yake sai ya nemi kwamfutar da ya amince da ita. In aka buɗe fayil ɗin da manhajar karanta rubutu zalla, za a ga kowane shafi da takensa, da ranar da aka fara shi, da ranar gyara na ƙarshe, da laƙabobin da aka sa masa, sannan jikin rubutun. Bayan wannan sai a ga dogon jerin haruffa da lambobi marasa ma'ana, layi bayan layi. Wannan jerin shi ne hoton ko muryar, an mai da shi haruffa ta wata hanya da ake kira Base64. Hanyar tana ƙara wa kaya nauyi da wajen kashi ɗaya cikin uku, don haka muryoyi masu megabait 300 za su koma wajen 400 a cikin fayil ɗin. Kada wannan ya ba mu tsoro. Abin da ya kamata ya tayar mana da hankali shi ne akasin haka: kundi cike da muryoyin wa'azi ya fito da fayil ɗan ƙarami. Wannan alama ce cewa muryoyin ba su biyo ba.

A jikin rubutun kuma, inda hoton yake, Evernote ba ta rubuta sunan hoton. Wata lamba take sawa mai gurbi 32, wadda ake lissafowa daga abin da ke cikin hoton kansa ta hanyar da ake kira MD5, kamar dai zanen yatsa. Sabuwar manhaja, in tana shigar da kayan, sai ta mai da jerin haruffan nan hoto, ta lissafa zanen yatsansa, ta nemi inda aka ambaci lambar a cikin rubutu, ta ɗaura sabuwar igiya irin tata. Joplin tana ba kowane kaya lamba mai gurbi 32, ta ajiye shi a rumbunta. Obsidian kuwa ajiye hoton take yi a matsayin fayil na yau da kullum cikin folda, ta rubuta sunansa a cikin shafin. In fayil ɗin ya lalace a hanya, ko an katse fitarwa kafin ta kammala, lissafin ba zai dace ba, sai a ga gurbi fayau a inda hoto ya kamata ya kasance.

Akwai kuma abin da muke zato kayan maƙale ne alhali ba shi ba ne. In mun liƙa mahaɗin takardar da ke Google Drive a cikin shafi, adireshin kawai muka ajiye, takardar tana can. Ɗalibai su lura da wannan ƙwarai. In takardar tana cikin asusun da makaranta ta buɗe muku, ranar da aka rufe asusun bayan kun gama karatu, mahaɗin zai yi ƙaura lafiya lau, amma ba zai kai ku ko'ina ba. A sauke irin waɗannan takardu a maƙala su sosai tun asusun yana aiki.

Abin da ke zubewa a hanya

Fayil ɗin .enex ba ya ɗauke da tsarin kundaye. Bai san cewa wannan shafin na kundin wa'azin Farawa ne, wancan na taron majalisa ba. Wanda ya haɗa komai ya fitar a fayil ɗaya, zai tarar da shafukansa duka a tuli guda a sabon gida. Shi ya sa ake fitarwa kundi-kundi, kowane fayil da sunan kundinsa. In an tara kundaye a ƙarƙashin wani babban suna, wannan ma da hannu za a sake ginawa. Aiki ne mai gundura, amma na yini ɗaya ne.

Matsalar take ta fi shafar mu masu hidima fiye da kowa. A Obsidian, da duk inda aka mai da shafuka fayil-fayil, taken shafi shi ne yake zama sunan fayil. Windows kuwa ba ta yarda da wasu alamomi a sunan fayil ba, ciki har da ruwa biyu, da alamar tambaya, da alamar /. Mu kuwa rabin takenmu ayoyi ne. Shafin da muka sa wa suna Romawa 8:28 yana iya komawa Romawa 828, ko Romawa 8-28, gwargwadon yadda manhajar ta ga dama. Rubutun yana nan, amma ranar da muka neme shi yadda muka saba, ba lalle ya fito ba. Haka kuma folda ɗaya ba ta ɗaukar fayil biyu masu suna ɗaya. Wanda yake da shafi goma sha biyu duk mai take Wa'azin Kirsimeti, manhaja mai hankali za ta ƙara musu lamba a ƙarshe, amma ba za ta gaya masa wanne ne na wace shekara ba. Shawararmu ita ce a gyara taken tun a tsohon gida: a fara da shekara da wata da rana, a sa aya ko ɗan layi a maimakon ruwa biyu, misali 2019-12-25 Luka 2.1-7. Wannan tsari yana da wani amfani kuma, domin in an jera fayilolin bisa suna, sun jeru ke nan bisa kwanan wata.

Kwanan watan ma abin kula ne. Joplin tana riƙe ranar farawa da ranar gyara da ta samu a cikin .enex. Amma da zarar shafi ya zama fayil a folda, ranar da kwamfuta take nunawa tana iya sauyawa in an kwafe shi zuwa filashi ko wata na'ura. Wa'azin shekara goma sai ya nuna kamar jiya aka rubuta shi duka. Ga fasto wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ranar ce take gaya masa ko ya riga ya yi wannan wa'azin a wannan ikilisiya. Maganin shi ne ranar ta kasance a rubuce cikin shafin. Joplin tana da zaɓin fitarwa da ke sa take, ranaku da laƙabobi a saman kowane fayil, kuma Obsidian ta iya karanta wannan saman.

Sai mahaɗin da ke kai mutum daga shafi zuwa shafi. A Evernote kowane shafi yana da lambar sirri, mahaɗin kuma da ita yake aiki, amma .enex ba ya fitowa da lambobin nan. Wasu manhajojin suna ƙoƙarin gyarawa ta neman shafi mai take irin wanda aka rubuta a jikin mahaɗin. Dabarar tana ci in taken bai sauya ba kuma shi kaɗai ne mai wannan suna. Wanda ya gina nazarin littafin Ibraniyawa da mahaɗi tsakanin sura da sura, ya shirya zai bi wasu ya ɗaura da hannu.

Wani abu kuma ba a lura da rashinsa sai an yi makonni. Evernote tana karanta rubutun da ke cikin hoto, shi ya sa in an nemi kalma takan fito da hoton allo ko shafin littafin da kalmar take ciki. Wannan aikin manhajar ne, ba ya cikin hoton. A sabon gida hoton zai fito, amma nema ba zai same shi ba sai in sabuwar manhajar tana da nata mai karanta hoto. Joplin ta samu irin wannan a 2024, Obsidian kuwa sai an ƙara mata wani abin taimako. Ko da akwai shi, rubutun hannu da alli a allo ba ya karantuwa da kyau. Hotunan da suke da muhimmanci, a rubuta musu layi ɗaya ko biyu a ƙasa na abin da ke ciki. Haka nan duk sashen da aka kulle da kalmar sirri a cikin shafi, a buɗe shi kafin fitarwa, don kada ya isa can a kulle ba mai mabuɗi.

Helenanci, Ibraniyanci da haruffanmu masu ƙugiya

A nan za mu ɗan daɗe, domin jagororin da ake rubuta wa kowa da kowa ba sa kula da wannan. Joplin da Obsidian suna ajiye rubutu da tsarin Markdown, wanda John Gruber ya fito da shi a 2004. Rubutu ne zalla, da 'yan alamomi kaɗan masu nuna kan magana, da baƙi mai kauri, da jeri. Ƙarfinsa ke nan, domin kowace kwamfuta za ta iya buɗe shi. Amma ba ya riƙe launi, ba ya riƙe zubin haruffan da aka zaɓa. Wanda ya saba sa wa ayoyi ja, misalai kore, zai iya rasa launukan.

Rashin launi ana iya haƙuri da shi. Rashin zubin haruffa kuwa yana iya kashe rubutu. Mu da muka yi karatu a zamanin BibleWorks, wadda ta daina aiki a 2018, mun yi amfani da zubi irin su Bwgrkl na Helenanci da Bwhebb na Ibraniyanci, wasu kuma SPIonic da SPTiberian. A waɗannan zubi, haruffan boko ne a ƙasa, an sa musu rigar Helenanci kawai. Kalmar λόγος da aka rubuta da Bwgrkl, in an tuɓe rigar, abin da za a gani shi ne lo,goj. Duk bayanin nahawun da aka kwafo daga tsofaffin takardu da irin wannan zubi, haka zai koma bayan ƙaura. Kalmar da aka rubuta da tsarin Unicode kuwa, inda kowane harafi na kowane harshe yake da lambarsa, ba ta dogara da riga ba, za ta isa yadda take. Gwajin mai sauƙi ne: a kwafi kalmar a liƙa ta a akwatin saƙon waya ko a Notepad. In ta tsaya a Helenancinta, lafiya. In ta rikiɗe, a sake rubuta ta ko a juya ta zuwa Unicode tun tsohon shafin yana gabanmu muna iya ganin abin da aka nufa. Ibraniyanci a ƙara duba shi, domin daga dama ake karanta shi, kuma in ya haɗu da boko a layi ɗaya alamomin rubutu sukan yi tsalle zuwa inda ba nasu ba.

Haruffanmu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ su ma haka. Tsofaffin takardun Hausa da aka buga da zubi na musamman suna da wannan ciwo. Ko waɗanda aka rubuta daidai, in manhaja ta karanta fayil da tsarin da ba nasa ba, ƙ takan fito kamar Æ™. Wannan yana gyaruwa, sai a sake shigarwa a tabbatar tsarin UTF-8 ne. Amma in haruffan sun koma alamar tambaya aka kuma ajiye fayil ɗin a haka, sun tafi ke nan, sai an koma ga asali. Wannan ɗaya ne daga dalilan da za su hana mu taɓa asalin.

Sauran manhajoji a taƙaice

Google Keep ta hanyar Google Takeout ake fitar da ita. Ana samun ƙunshin zip, kowane shafi da fayil biyu, na HTML da na JSON, hotuna da muryoyi kuma a gefensu. Kada a raba su, kada a sake wa ko ɗaya suna kafin shigarwa. Notion tana liƙa wa sunan kowane shafi da folda lamba mai gurbi 32, kuma in shafuka suna cikin shafuka, cikakken adireshin fayil yakan wuce haruffa 260 da Windows ta saba ɗauka, sai buɗe ƙunshin ya tsaya a rabi. A buɗe shi a folda mai gajeren suna kai tsaye a kan C. OneNote ita ce ta fi wuya, domin shafinta kamar allo ne, ana rubutu a ko'ina, har da zane da alƙalami. In an fitar da shi PDF, kamanninsa za su tsaya, amma murya da takardun da aka maƙala ba za su biyo ba, sai dai 'yar alamarsu. A cire su ɗaya bayan ɗaya a ajiye daban. Obsidian tana da abin taimako mai suna Importer, tun 2023, wanda yake karɓar kaya daga dukan waɗannan da kuma Evernote.

Yadda muke ba da shawara a yi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada a bari sai kuɗin da aka biya ya ƙare, ko sai daren da za a miƙa wa makaranta kwamfutarta. Kada kuma a yi a makon Ista ko makon jarrabawa.

Abu na fari shi ne ƙirga. A ɗauki takarda da biro a rubuta sunan kowane kundi da yawan shafukansa. A Evernote, in an rubuta resource:audio/* a akwatin nema, za ta fito da duk shafin da ke da murya, resource:image/* na hotuna, resource:application/pdf kuma na takardun PDF. A rubuta waɗannan adadi ma. Joplin ta san irin wannan nema, don haka bayan ƙaura ana iya sa adadin can da na nan gefe da gefe. Ba tare da ƙirga ba, babu yadda mutum zai san shafi bakwai sun ɓace cikin dubu biyu. Wani ɗan'uwanmu ya kwashe kayansa daga wata manhaja, ya buɗe shafuka uku ko huɗu ya ga lafiya, ya share tsohon asusun a ranar. Bayan wata biyar ya nemi muryar wani dattijo da ya naɗa yana ba da tarihin kafa ikilisiyar ƙauyensu. Shafin yana nan, da take, da rana, da tambayoyin da ya yi. Muryar ce babu, dattijon kuma ya riga ya rasu.

Bayan ƙirga sai gwaji. A buɗe ƙaramin kundi a zuba masa shafuka goma mafi rikitarwa: mai tebur, mai murya, mai hotuna da yawa, mai Ibraniyanci, mai ruwa biyu a take, mai mahaɗi. A fitar da shi, a shigar, a duba. Joplin tana ba da zaɓi biyu wajen shigar da .enex, ko a matsayin Markdown ko a matsayin HTML. Na farkon ya fi sauƙin gyara daga baya, na biyun ya fi riƙe kamannin shafi, musamman tebur da abin da aka kwafo daga intanet. Mu mun fi son Markdown don wa'azi da bayanan lacca, amma gwajin ne zai nuna wanda ya dace da kayan kowa. A kunna muryoyin a saurara, a ja zuwa ƙarshe a ji ko sun cika. Wani lokaci fayil ɗin ya iso lafiya, sabuwar na'urar ce ba ta san irinsa ba, kamar hotunan HEIC na iPhone ko muryar .opus ta WhatsApp. Wannan ba asara ba ce, ana juya su zuwa JPG da MP3, ko a buɗe muryar da VLC.

Ranar babbar fitarwa a tabbatar akwai caji da data isasshe, domin ba kowace manhaja ce take ajiye dukan kaya a na'ura ba, wasu sai a lokacin take sauko da su daga rumbun kamfani. In wuta ko sabis ya ɗauke a tsakiya, kada a amince da fayil ɗin, a sake daga farko. Da an gama, kafin a shigar da komai, a kwafi fayilolin wuri biyu, ɗaya daga ciki ba a gidan da kwamfutar take kwana ba. Filashin da aka tsara da FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4, wani dalili ke nan na fitarwa kundi-kundi. Waɗannan kwafi ba a buɗe su a gyara, ba a share su.

Tsohon asusun kuma a bar shi. A ganinmu wata uku shi ne mafi ƙaranci, wanda ya iya ya kai shekara ya fi, domin aikinmu zagaye yake yi: akwai shafin da ba ma nema sai lokacin Kirsimeti, akwai na bikin godiyar kaka. A daina rubutu a tsohon dai daga ranar ƙaura, in ba haka ba za a wayi gari da gida biyu, ba wanda ya cika. Ga masu Obsidian akwai ƙarin gargaɗi ɗaya. In za a sake wa hoto suna ko a matsar da shi, a yi daga cikin manhajar, ita za ta gyara igiyoyin. In an yi daga waje, a foldar kwamfuta, suna iya tsinkewa.

Sirrin mutane, da kayan da ba namu ba

Cikin rubuce-rubucenmu akwai abin da mutane suka faɗa mana a ɗakin shawara: rikicin aure, rashin lafiya, bashi, maganar horo. Muddin suna cikin manhaja, akwai kalmar sirri a ƙofa. Fayil ɗin da aka fitar ba shi da ƙofa. Duk wanda ya samu .enex, ko zip na Takeout, ko JEX da Joplin take fitarwa, zai karanta komai. Saboda haka ba a yin wannan aiki a kwamfutar shagon buga takardu, ba a barin filashin a aljihun tebur na ofis, ba a tura fayil ɗin a WhatsApp don wani yaro mai wayon kwamfuta ya taimaka. Shafukan intanet da suke cewa a ɗora musu fayil su juya shi kyauta, a guje su gaba ɗaya, domin ba mu san wanda yake karɓa ba. In ana bukatar taimako, mai taimakon ya zauna kusa da mu, a na'urarmu, kuma a ware kundin shawara mu yi shi da kanmu. Kwafin ajiya ana iya kulle shi da kalmar sirri ta manhajar 7-Zip, wadda kyauta ce, amma a rubuta kalmar a wuri amintacce, don in ta ɓace babu mai buɗewa. A Najeriya maganar ta shafi doka ma: dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta sa lafiyar mutum da addininsa cikin bayanan da ake ba kulawa ta musamman. Lokacin ƙaura dama ce ta tambayar ko akwai bukatar riƙe wasu shafukan. Maganar da aka kashe shekara takwas da suka wuce, mutanen sun shirya, wataƙila sharewa ce ta fi.

Sai kuma rarrabewa. Wa'azinmu da nazarinmu namu ne, za su bi mu duk inda aka tura mu. Amma bayanan zaman majalisa, jerin membobi, hotunan rasit, takardun fili da rajistar aure na ikilisiya ne, ko da a wayarmu aka ajiye su. A raba su kundi daban tun kafin fitarwa. Wanda zai gaje mu ba lalle yana amfani da manhajarmu ba, wataƙila ma ba ya amfani da kowace. Don haka kason ikilisiya a fitar da shi PDF, hotuna da muryoyi a foldarsu da sunaye masu ma'ana da kwanan wata, a rubuta takarda ɗaya mai nuna abin da ke cikin kowace folda. A miƙa wa sakataren ikilisiya kwafi a gaban dattawa, a sa hannu a littafin miƙa aiki, takardun fili da rajistar aure kuma a buga su a takarda a sa a fayil na ofis.